Wankin injin fotokofi da firinta: kada garin neman gira a rasa ido

Lokacin da ake haɗa takardun yara masu shiga jarrabawar BEPC, na je wani shagon fotokofi da na saba zuwa a unguwarmu, ɗauke da takardar haihuwar ɗiyata da sauran abin da aka ce a sa cikin dosiye. Na tarar da mutane cunkus a bakin ƙofa, kowa da ambulan a hannu, inji kuwa a wangale, an fitar da kayan cikinsa an jera bisa tebur. Mai shagon yana gefe ya yi tagumi. Da na tambaye shi ko lafiya, sai ya miƙo mini takardar da injin ya fitar da safe: rabinta baƙi ƙirin, ɗaya rabin kuwa kamar an shafa mata toka. Ashe yaron shagon ne ya lura da wani ɗigo da ke fitowa a kowace takarda, ya ciro gangar injin, ya tsoma tsumma cikin tina irin ta masu fentin mota, ya goge ta tas. Ɗigon dai ya tafi, amma ya tafi tare da fatar gangar. Sai da aka yi mako guda kafin a samo wata, a daidai lokacin da ciniki ya fi tashi.

Yaron nan bai yi da mugun nufi ba. Ya ga ana wanke kacar babur da fetur, ya ga ana wanke buroshin fenti da tina, sai ya ɗauka duk abin da ke fitar da datti a gareji zai fitar da shi a cikin inji. Masu shaguna da ma'aikatan ofis da yawa, har da wasu masu gyara da suka koyi sana'ar a tsaye, haka suke zato. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu tsaya kan batun, domin inji guda ɗaya shi ne jarin gida guda, kuma shi ne abin dogaron duk wanda ke da takardar kotu ko ta makaranta ko ta neman aiki a hannu. Maganar a taƙaice ita ce, babu wani ruwa guda da ke wanke injin fotokofi duka. Kowane sashe da abin da ya karɓe shi. Kuma a kullum da mafi sauƙi ake farawa, watau busasshen ƙyalle, sa'an nan ruwa, sa'an nan alkol, ba a matsawa zuwa na gaba sai na baya ya kasa.

ABIN DA KE CIKIN INJIN

Kafin a san abin da za a shafa, ya kamata a san abin da ake shafa wa. Wani Ba'amurke mai suna Chester Carlson ne ya fara kwafe rubutu ta wannan hanya, ranar 22 ga Oktoba 1938 a birnin New York. A 1959 kamfanin da daga baya ya zama Xerox ya fito da inji mai lamba 914, wanda shi ya shigar da fotokofi cikin ofisoshi. Sunan da aka raɗa wa fasahar daga harshen Girka aka ɗauko shi, ma'anarsa kuwa busasshen rubutu. Wannan suna kaɗai ya isa ishara, domin inji ne da aka ƙera don ya yi aikinsa a bushe.

A tsakiyarsa akwai ganga, wadda masu gyara ke kira dram ko tambur. Bututun alminiyam ne da aka lulluɓe da wata fata mai jin haske. Da farko ana ɗora wa fatar cajin lantarki ta hanyar wata siririyar waya ko wata baƙar rola. Sai haske ya faɗa kanta ya zana siffar rubutun. Sai garin tawada, watau tona, ya manne inda siffar take, daga nan a juye shi bisa takarda. Takardar ta ratsa ta murhu, wanda a wajenmu aka fi kira fur, inda zafin da kan kai digiri 180 ko ma 200 tare da matsi ke narkar da garin ya kama takarda. A ƙarshe wani leɓe na danƙo ya kankare ragowar garin daga jikin ganga, a sake zagayowa. Firinta mai aiki da leza ita ma haka take, sai dai daga kwamfuta take karɓar rubutu maimakon daga gilashi.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙa. Tona garin filastik ne mai laushi ƙwarai, an gauraya shi da launi, ƙwayarsa ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin dubu na milimita ba. Fatar gangunan zamani, masu launin kore ko shuɗi, ita ma filastik ce, kaurinta bai kai na silin gashi ba. Murfin inji da akwatin takarda filastik ne, rololin da ke jan takarda kuwa danƙo ne. Sabili da haka duk ruwan da ke da ƙarfin narkar da tona nan take, filastik ke nan yake narkarwa, kuma ba ya bambanta filastik ɗin datti da na ganga. Saurin da yake yi wajen fitar da baƙi shi ne shaidar ɓarnar da zai yi.

FETUR DA TINA DA ASETON

Fetur, watau esansi, shi ya fi kusa da hannu, tunda ga shi nan a kwalba a bakin hanya. Idan aka goge rolar jan takarda da shi, ranar farko sai a ga kamar an yi gyara, domin danƙon ya sha mai ya kumbura ya yi yauƙi, yana kama takarda da kyau. Bayan kwanaki man ya fita, ya bar danƙon ya yi tauri yana tsagewa, sai inji ya shiga cin takarda ko ya ƙi ɗauka sam. Kananzir da gazuwal sun fi muni, don ba sa bushewa da wuri, suna barin maiƙo da ke bin takarda har ya kai ga ganga. Haka nan WD-40, wanda amfaninsa a kan ƙarfe mai tsatsa yake, da man birki da wasu ke shafa wa tsohuwar rola: shi man birki yana cin fenti da filastik.

Ban da ɓarnar kaya akwai gobara. Tururin fetur yana kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu. Ya fi iska nauyi, saboda haka kwanciya yake yi a ƙasan inji da ƙasan ɗaki. A cikin injin kuwa akwai wutar da ke kai dubban bolt da murhu mai zafi. Akwai kuma lafiyar mai aiki. Cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda aka daɗe da tabbatar da cewa yana jawo sankarar jini, kuma a 2025 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta sa shi kansa fetur cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Wanda ke tsoma hannu cikinsa kullum a rufaffen shago ya kamata ya san wannan.

Tina, wadda wasu ke kira diliyan, gauraye ce ta sinadarai masu ƙarfi irin su toluwin da zailin da aseton, kuma kowane kamfani da irin haɗinsa. Aseton shi ne wanda ke cikin yawancin ruwan da mata ke goge jan farce da shi. Su biyun nan suna narkar da irin filastik ɗin da ake yin murfin inji da fatar ganga da shi. Ɗigo ɗaya a kan murfi zai bar farin tabo, ya share rubutun maɓallai. A kan idon leza zai bar hazo wanda ba ya goguwa har abada. Gaskiya ne wasu littattafan gyara na kamfanoni sun yarda a yi amfani da ruwa mai ƙarfi wajen cire tona da ta ƙone a kan wasu ƙananan sassa na murhu, amma sai an kwance su an fitar da su waje, kuma aikin ƙwararre ne, ba na yaron shago ba.

A ƙara da ruwan fesa na goge tagogi mai ɗauke da amoniya, wanda ake gane shi da warinsa mai hawa kai. Kamfanin HP ya daɗe yana gargaɗi cikin littattafan firintocinsa cewa kada a kusanto da shi, domin yana lalata katirijin tona.

RUWA, DA IRIN ALKOL ƊIN DA ZA A NEMA

Mutane kan raina ruwa, alhali yawancin dattin injinanmu ƙura ce, musamman daga Nuwamba zuwa Maris lokacin da hunturu ke kaɗowa, sai kuma garin da takarda mai araha ke zubarwa. Ƙura kuwa ruwa ne maganinta. Sai dai a nemi tataccen ruwa wanda aka dafa aka tara tururinsa, domin ruwan rijiya da na famfo idan suka bushe suna barin farin gishiri a kan gilashi da madubi. Ana samun sa a farmasi da wajen masu sayar da batirin mota. A nan sai a yi hattara ƙwarai, domin abin da ake kira ruwan batir iri biyu ne, akwai tataccen ruwa zalla, akwai kuma mai asid, kuma a ido duka fari ne. A karanta jikin kwalba, a kuma tambaya. Ƙyallen ya kasance mai laushi wanda ba ya zubar da zare, a jiƙa shi a matse har ya zamana ba ya ɗiga. Idan datti ya yi maiƙo, ɗigon sabulun ruwa na wanke kwanuka ya wadatar, a bi shi da ruwa zalla. Ban da omo, ban da ruwan jabel.

Alkol kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan da yawa ke tafka kuskure. Wanda masu gyara ke nufi shi ne wanda aka rubuta IPA ko isopropanol a jikin kwalbarsa, mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari, ko aƙalla sama da 90. Yana ɗauke maiƙo da sawun yatsa, yana bushewa cikin ɗan lokaci, kuma ba ya barin komai a baya. Alkol mai lamba 70 na farmasi, wanda ake goge wurin allura da shi, kusan kashi 30 ɗinsa ruwa ne, yana jinkirin bushewa, wani kuma an sa masa kafur da launi. Sifirit na hura wuta sau da yawa akwai launi a cikinsa, wani kuma an gauraya shi da metanol, wanda guba ne da ke shiga ta fata da numfashi, shan sa kuwa yana makantarwa ko ya kashe. Ruwan shafa hannu da ya cika ko'ina tun annobar Covid-19 ta 2020 akwai gilisarin a cikinsa don kada hannu ya bushe, kuma gilisarin ɗin nan zai zauna a kan gilashi yana tara ƙura. Turare ma haka, mai ne a cikinsa.

Shi kansa IPA ba a sake masa linzami. Tururinsa yana kama wuta tun daga digiri 12, a garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram da Yamai kuwa zafin bazara yana haura 40. Yana kuma iya tsaga wani irin filastik mai garai-garai kamar gilashi. Don haka a ƙyalle ake zuba shi, kaɗan, ba a fesa shi cikin inji, kuma sai an kashe inji an zare wayarsa daga bango.

KOWA DA KIWON DA YA KARƁE SHI

Gilashin da ake ɗora takarda shi ya fi sauƙi. Ƙyalle mai ɗan danshin ruwa, ko ruwan goge gilashi marar amoniya, a zuba a ƙyalle kada a zuba a gilashin, domin yana bin gefe ya sauka kan fitila da madubai. Tabon biro ko na farin ruwan gyaran rubutu irin Tipp-Ex, a jiƙa shi ya yi laushi a ɗaga shi da farce, ban da reza. Injin da ke jan takardu da kansa ta sama yana da wani siririn gilashi a gefe. Ɗigo ɗaya a kansa shi ke fitar da dogon layi tun daga saman takarda har ƙasa. Sau da yawa akan zargi ganga alhali laifin nan yake. Gwajin kuwa ba wuya: a ɗora takarda a babban gilashi a buga, in layin ya ɓace to siririn gilashin ne.

Madubai da idon gilashi na ciki sun bambanta da madubin ɗaki. Shi madubin ɗaki, azurfarsa tana bayan gilashi, su kuwa waɗannan a fuska take, ko ƙura aka ja da ƙarfi sai ta ƙarje ta. A fara hure ƙurar da ƴar famfon danƙo ta hannu, irin ta masu gyaran agogo da kyamara, sa'an nan a shafa sau ɗaya a hankali da takardar goge tabarau. A cikin akwatin leza yawancin idanun filastik ne, a bar su ga iska da busasshen ƙyalle.

Rololin jan takarda ruwa suke so. A goge su da ƙyalle mai danshi ana juyawa har baƙi ya daina fita, a bar su su bushe. Wasu kamfanoni sun yarda da ɗan alkol a kansu, wasu sun hana, shi ya sa littafin injin ne alƙali. Amma a sani, rolar da zanenta ya cinye ta yi sumul kamar tsohuwar tayar mota, babu ruwan da zai dawo da ita. Sauya ta ake yi, kuma tana cikin kayan inji mafi araha.

Wayar caji, wadda masu gyara ke kira korona, siririya ce ƙwarai, tana tsinkewa da ɗan matsi. Injina da yawa, alal misali firintocin Brother, suna da wani ɗan maɓalli da ake ja hagu da dama ya goge ta, sai dai a tuna a mayar da shi mazauninsa, in ba haka ba baƙin layi zai fito. Inda babu, a yi amfani da tsinken auduga mai ɗan IPA. Rolar caji kuwa busasshen ƙyalle ne ko ɗan danshin ruwa, littattafan gyara da yawa sun hana alkol a kanta. Baƙar rolar soso da ke ƙarƙashin ganga, wadda ke juye tona bisa takarda, ko yatsa ba a so ya taɓa ta, domin maiƙon hannu yana rage mata aiki. Buroshi mai laushi kawai.

Ganga ita ce amaryar inji. Ba a taɓa fatarta da hannu, ba a bar ta a haske fiye da ƴan mintoci, rana kuwa ko kusa. Da an ciro ta a rufe ta da takarda ko baƙin ƙyalle. Kafin ma a ciro ta, a auna tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo a takarda. Kowace rola da kewayenta, kuma littafin gyara yana da jadawalin da ke nuna wace rola ce ke maimaita tabo a wace tazara. Wataƙila ma murhu ne ko rolar caji. Idan ya tabbata ganga ce, kamar in ƙaron sitika ya manne mata, a shafa busasshiyar auduga a wurin kaɗai. Masu cika katiriji sukan sa ɗan IPA mai kashi 99 idan abin ya ƙi, a wuri guda, su bar shi ya bushe sarai. Kafin a mayar da ita a barbaɗa mata ɗan garin tona, don kada leɓen danƙo ya kama busasshiyar fata ya naɗe. Tabon da ya zama ƙarzuwa ba ya wankuwa. Tsofaffin injina masu gangar seleniyam mai ƙyalli kamar madubi kuwa, fatarsu guba ce, a wanke hannu bayan taɓa ta, kuma kada a jefar da ita inda yara ke wasa.

Murhu sai an kashe inji an jira aƙalla rabin awa. Rolarsa ta sama an shafe ta da teflon, irin na tukwanen da abinci ba ya kamawa, kuma abin da ya fi kashe ta shi ne wuƙa da sukundireba. Injina da yawa suna da tsarin wanke murhu da kansu ta hanyar wuce da farar takarda a hankali, a nemi wannan a cikin maɓallai tukuna. In bai isa ba, a goge da ƙyalle lokacin da rolar ke da ɗan ɗumi, tona ta fi saki a lokacin.

Allon lantarki da ƙarafan da katiriji ke taɓawa, nan ne IPA mai kashi 99 ya fi amfani, ruwa kuwa ba shi da wuri. Ƙananan idanun da ke gane wucewar takarda, busasshen buroshi ya ishe su. Tayoyi masu haƙora suna da man shafawarsu na musamman, kada a wanke shi a maye gurbinsa da baƙin man mota.

Idan tona ta zube, a tuna filastik ce mai narkewa da zafi. A kakkaɓe tufafi a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi da dutsen guga za su dasa ta har abada. A ƙasa a share da ƙyalle mai danshi. Kada a hura ta da baki ko da kwamfuresa, kada kuma a zuƙe ta da injin shara na gida, domin garin yana ratsa matatarsa ya cika ɗaki, yana kuma iya kama wuta a ciki.

FIRINTA MAI TAWADAR RUWA

Ƙananan firintocin da ake buga hotuna da katin biki da su, irin na Epson da Canon da HP, labarinsu daban ne. Yawancin tawadarsu da ruwa aka haɗa ta, kuma tana fita ta ramukan da suka fi gashi siranta. A ƙasa mai zafi da bushewa, mako biyu ba a buga komai ba sai ramukan su toshe. A fara da wankin da firintar ke yi da kanta, sau biyu ko uku, ba fiye ba, don yana shan tawada. In bai yi ba, a jiƙa takarda mai laushi da tataccen ruwa mai ɗan ɗumi, ko ruwan wanke kai da ake sayarwa don wannan aiki, a ɗora kan a bisa ya jiƙa. Alkol mai ƙarfi yana iya sa wata tawadar ta dunƙule ta ƙara toshewa, tina kuwa tana cin ƙaron da ya riƙe kan. A yawancin firintocin Epson kan a jikin injin yake, in ya mutu kuɗinsa kan kusanci na sabuwar firinta. Akwai kuma wani siririn zirin leda mai zane-zane ƙanana a bayan kan, da shi firinta ke sanin inda take. Ruwa mai ƙarfi yana share zanen, sai kan ya riƙa dukan bango. Ɗan danshin ruwa kawai ake shafa masa. Maganin toshewa mafi araha shi ne a buga shafi ɗaya mai launi kowane mako.

TSOFAFFIN GWANGWANAYE

Dattawan sana'ar za su tuna wasu ruwaye da ake wanke tafireta da allon lantarki da su a da, waɗanda ba sa kama wuta kuma suna bushewa nan take. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyaren da suka biyo bayanta sun hana yin da yawa daga cikinsu, saboda suna cin rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana. Ƙasashe masu arziki sun daina yin su a 1996, ƙasashe masu tasowa aka ba su wa'adi zuwa 2010, wani kuma 2015. Wasunsu, irin su kabon tetrakulorayid, suna lalata hanta. Tunda yawancin injinanmu na hannu ne da suka gama aiki a Turai, wani lokaci akan tsinci tsohon gwangwani cikin kaya. Duk wanda rubutunsa ya goge, ko aka juye shi a kwalbar da ba tasa ba, a bar shi.

KAFIN A BUƊE KWALBA

Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsari guda na alamomin haɗari, shi ne hoton nan da ke cikin jan murabba'i mai tsaye bisa kusurwa. Harshen wuta yana nufin mai kama wuta, ƙoƙon kai guba, hoton mutum mai tauraro a ƙirji kuwa cuta mai daɗewa a jiki. Ko wanda bai yi karatu ba zai iya koyon waɗannan, kuma wajibin mai shago ne ya koya wa yaronsa. A bayan yawancin sassan filastik an buga sunan irinsa, kamar ABS ko PC ko PS, kuma duka ukun nan aseton da tina suna cin su. Idan an samu sabon ruwa, a ɗiga kaɗan a ɓoyayyen wuri a cikin murfi, a jira minti biyar. In wurin ya yi fari, ko ya yi laushi, ko launinsa ya biyo ƙyalle, an samu amsa.

A buɗe ƙofa da taga lokacin aiki, a kashe sigari, a nisanta da janareto da kaskon shayi. A sa safar hannu ta nitiril da takunkumi idan ana taɓa tona. In ruwa ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 a tafi likita. Kada a taɓa ajiye fetur ko kananzir ko alkol cikin kwalbar lemo ko ta ruwan sha, domin ta haka yara ke sha. In kuwa hakan ta faru da fetur ko kananzir, kada a sa yaro amai, don yana iya sauka cikin huhu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Abin da shago ke bukata bai taka kara ya karya ba: tataccen ruwa, ƙaramar kwalbar IPA mai murfi, ƙyallaye masu tsabta a cikin leda, tsinken auduga, buroshi mai laushi, famfon hura ƙura, da mayafin da za a rufe inji da shi idan an tashi. Littafin gyara na yawancin injina ana samun sa a intanet da lambar injin, kuma cikinsa akwai jadawalin abin da ake goge kowane sashe da shi. Mai shagon unguwarmu ya sa an buga masa wannan shafi ya liƙa a bango kusa da inji, kwalbar tina kuwa ya mayar wa mai fentin da aka aro ta a wurinsa. Yaron yana nan bai kore shi ba, yanzu shi ke goge siririn gilashi kowace safiya kafin a buɗe ƙofa.

Masu gyara da ke karanta mu, wanda ya ga wani abu da muka bari a baya, ya rubuto mana, sai mu buga a fitowa ta gaba don amfanin kowa.